Hutun iyali a ƙetaren iyaka: a je, a dawo, ba bashi

Ƙarshen watan Yuni, in makarantu sunka rufe, akwai tambaya guda da ke jiran magidanta da yawa cikin gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, ko malaman makaranta ne, ko ma'aikatan likita, ko ƴan tireda na bakin kasuwa. Yara ke yin ta, uwarsu kuma tana gefe tana saurare: "Baba, bana za mu je wajen kaka?" Kakar nan kuwa sau da yawa tana zaune Kangiwa, ko Argungu, ko Birnin Kabi, ko Sakkwato, watau cikin wata ƙasa mai tata tuta da nata kuɗi. Sai maigida ya dubi aljihu, ya dubi rumbu, ya ce Allah ya kai mu. Wani yakan yi shekara biyar yana faɗin haka, har tsohuwa ta cika jikokinta ba su san fuskarta ba. Wani kuma kunya ta ci ƙarfinsa, ya ci bashi ya kwashi iyali, ya dawo ya yi wata shida yana biya. Tsakanin waɗannan biyu akwai hanya ta uku, kuma ita ce mai ƙaramin ƙarfi ya kamata ya sani.

Ƙasar waje da ke bayan gida

In an ce kai iyali hutu ƙasar waje, hankali yakan tafi wajen jirgin sama da otal da bakin teku, abin da mutanen Turai sunka fara sabawa da shi tun 1936, shekarar da dokar Faransa ta ba ma'aikaci hutun mako biyu tare da albashinsa. Dokar ƙwadago ta 1952 ta kawo wannan haƙƙi cikin ƙasashen da Faransa ke mulka, kuma dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta tanadi kwana biyu da rabi na hutu bisa kowane wata na aiki, watau kwana 30 a shekara, abin da ma'aikata ke kira kwanje. Kwanaki dai doka ta ba da su. Kuɗin tafiya kuwa sai mutum ya nema wa kansa, alhali mafi ƙarancin albashi, bayan ƙarin da anka yi a farkon 2024, ya tsaya jika 42 na sefa a wata. Mai wannan albashi, ko mai ninkinsa uku, ba ya zancen jirgi.

Amma mutumin ƙasar Arewa yana da wata sa'a da ɗan Agadas ba shi da ita: ƙasar waje tana bayan gidansa, kuma cike take da danginsa. Dalili kuwa tarihi ne. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila sunka ƙulla a 1898 ta bi Dallol Mawri ta mai da shi iyaka, kana ta zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato. An sake gyara layin a 1904 da 1906, sannan tawagar kyaftin Tilho da takwarorinta na Ingila sunka bi daji suna kafa alamu har 1908. Layin bai tambayi kowa inda ƙanwarsa ke aure ba. Ta haka Matankari da Dogon Dutsi da Tibiri sunka faɗo wannan gefe, Kangiwa kuwa, wadda ita ce cibiyar ƙaramar hukumar Arewa Dandi cikin jihar Kabi, ta faɗa wancan. Harshe guda, zane guda a fuskar tsofaffi, kasuwanni na cin juna.

Saboda haka hutun da muke magana a kansa sunansa na gaskiya ziyara. Masauki kyauta ne, tuwo kyauta ne. Duk da haka mutane suna dawowa da bashi, kuma ya kamata a tambayi ta ina kuɗin ke zurarewa.

Darasin wani mushe

Ina da ɗan baffa, mushe ne cikin wata makarantar ƙauye ta gundumar Tibiri, yana da mata guda da ƴaƴa huɗu. Gwaggonmu tana aure kusa da Birnin Kabi tun kafin a haife mu. Wata shekara ya yi niyyar kai mata yara cikin babban hutu. Bai ajiye komi ba, sai cikin watan Agusta ya je wajen wani ɗan kasuwa ya karɓi kuɗi bisa alkawarin albashin wata biyu masu zuwa. Kafin ya taka mota rabin kuɗin ya tafi ga tsaraba: atamfa ga gwaggo, atamfa ga kishiyarta don kada a ce an bambanta, shadda ga maigida, sabulu da sukari ga maƙwabta, ga kuma sababbin kaya ga yaransa don kada a raina su. Sun yi kwana huɗu da sauka zazzaɓin cizon sauro ya kama autansu, anka kwantar da shi, anka biya da naira. Ranar komowa ruwa ya yanke hanya, sunka kwana biyu wani gari suna sayen abinci. Ya iso gida aljihu wayam, watan Oktoba ya kama, ga littattafan yara, ga mai bashi a ƙofa. Ƙarshenta waken da ke gona ya sayar tun bai nuna ba, a farashin da mai saye ya ga dama.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne maganar gwaggo ranar sallama. Ta jawo shi gefe ta ce: "Ɗana, zane ina da shi cikin adaka. In ka rage wannan kaya ka riƙa kawo mini yaran nan kowace shekara, ai ka fi yi mini gata."

Ya ɗauki maganar. Tun daga nan yake zuwa shekara-shekara, kuma bai sake cin bashin tafiya ba. Abin da ya canza guda huɗu ne: lokacin tafiya, hanyar tara kuɗi, girman tsaraba, da shirin takardu. Sai mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Lokaci

Babban hutun makarantu, daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, an tsara shi bisa kalandar da munka gada, kuma a ƙasarmu ya faɗo daidai lokacin da manomi ya fi kowane lokaci ƙunci. Rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi ta kai ƙololuwar tsadarta, gona tana neman hannun kowa don noma da maimai. Hanyoyin da ba su da kwalta cikin fadama sukan yanke, direbobi su ƙara kuɗi. Sauro ya yi yawa, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida wata-wata cikin damina suna ba ƙananan yara maganin rigakafin zazzaɓi, yaron da ke tafiya kuwa zagayen yakan wuce shi. Bayan haka duka ga komawa makaranta cikin Oktoba da nata ɗawainiya. Gidan da za a sauka ma halin da suke ciki ke nan, don damina ɗaya ce ke kan Tibiri da Kangiwa. Baƙi shida cikin watan Agusta nauyi ne ga mai masauki, ko da ba zai faɗa ba.

Ƙaramin hutu na ƙarshen Disamba ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi. An gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, an sayar da wake da gyaɗa, hanya ta bushe, sauro ya ragu, mai masauki kuma yana da abin fita kunya. Kwanakinsa kaɗan ne, kuma wannan ma riba ce: Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Kwana biyar ko bakwai sun isa a gaisa, a zaga dangi, yara su san juna, a rabu ana marmari. Abin lura guda shi ne sanyin hunturu, sai a riƙe wa yara rigunan sanyi da bargo daga gida, kada a je a saya can.

Inda kuɗin ke fitowa

Ƙa'ida ta fari ita ce kuɗin hutu ba su fitowa daga rumbu, ba su fitowa daga bashi, ba su fitowa daga kuɗin makarantar yara. Suna da tasu tukunya, kuma ana fara zuba mata tun ranar da anka dawo daga tafiyar bara.

A ɗauki misali. Ma'aikacin da ya cire jika 5 kowane ƙarshen wata, daga Janairu zuwa Nuwamba, zai tarar da jika 55 a hannunsa kafin hutun Disamba. Wanda bai iya biyar ba ya cire uku, ya sami 33. Wuyar abin ita ce kuɗin da ke cikin ɗaki kowa na da buƙatarsu: suna, biki, rasuwa, baƙo. Don haka gara a kai su inda hannu ba ya kai wa da sauƙi. Adashi yana wannan aiki, muddin an roƙi uwar adashi tun farko ta sa kwasar mutum ta faɗo watan Nuwamba. Matanmu kuma sun riga maza sanin hanya: ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda anka fara a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, sun bazu cikin ƙauyuka, ana zubi mako-mako cikin akwati mai makulli, a fasa a raba in shekara ta kewayo. Uwargida da ke cikin irin wannan asusu tana iya ɗaukar nauyin tsarabar mata, maigida ya ɗauki kuɗin mota.

Hanya ta biyu turka ce. Ɗan rago da anka saya da arha, anka ɗaure bayan ɗaki ana ba shi harawar wake da dusa, in babbar salla ta matso yakan fid da kuɗinsa da riba. Sai dai a tuna cewa salla tana gusowa da kwana 11 kowace shekara, kuma kuɗin rago in sun shigo watanni kafin tafiya suna buƙatar maɓoya. Hanya ta uku noman rani ne, wanda hukuma ta ƙarfafa tun bayan farin 1984. Lambunan Dogon Dutsi sun yi suna da dankalin turawa, kuma duk gefen fadama inda ruwa ke kusa ana samun albasa, da kabeji, da salati, da zogale. Fage guda da anka ware, anka ce wannan na tafiyar yara ne, yakan biya kuɗin mota, kuma yaran da sunka yi ban-ruwa da hannunsu sun fi sanin darajar tafiyar.

Rabon kuɗi, da zancen tsaraba

In kuɗi sun taru, kafin a taɓa su a kasa su kashi goma. Huɗu na mota, zuwa da dawowa. Biyu na tsaraba. Ɗaya na guzuri da ruwan sha bisa hanya. Ɗaya na yawo da yara in an isa. Biyu na ƙarshe kuwa a ƙulle su, ba a kwance su sai rashin lafiya ko yankewar hanya. In an dawo da su lafiya, su ne zubin farko na baɗi. In kashi huɗu na abin da anka tara bai isa motar kowa da kowa ba, to lissafi ya riga ya ba da amsa: a rage masu tafiya. Bana uwa da ƙanana, baɗi uba da manya. Kuɗin dawowa kuma a ware su tun daga gida, don babu abin da ya fi ƙasƙanci kamar baƙo ya roƙi mai masauki kuɗin mota.

Wajen mota, a je tasha da kai a tambayi farashi kwana biyu kafin tafiya, a san ko yaron da za a ɗora bisa cinya yana biya, a yi cinikin kaya tun ba a ɗaure su ba. Ranar kasuwa motoci sun fi yawa kuma sun fi saurin cika. Daga Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙwanni kusan kilomita 145 ne bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, daga Ƙwanni a ƙetare zuwa Illela, sannan Sakkwato tana ƙasa da kilomita 100 gaba. Masu nufin Birnin Kabi ta kudu sukan bi Doso da Gaya su fita Kamba. Mutanen Tibiri da Dumega da Gesheme kuwa sun san hanyoyin kasuwa da ke fita wajen Bacaka da Kangiwa, waɗanda sun fi kusa, ko da yake kusa ba kullum take nufin sauƙi ba ga mai ɗauke da yara.

Tsaraba ita ce ramin da kuɗin ziyara ke faɗawa, kuma kunya ce ke gina shi. Ma'aikaci yana jin cewa in bai sauka da atamfa ba za a ce boko bai amfane shi da komi ba. Amma a tuna cewa yawancin kayan kanti da ke kasuwanninmu daga can sunka ƙetaro, saboda haka mai sayen su nan ya kai can ya biya kuɗin mota sau biyu. Abin da dangi ke murna da shi shi ne abin gida: man gyaɗa da ƙuli-ƙulin da uwargida ta yi, kilishi, cuku, busasshen zogale, ɗan buhun dankali ko albasa daga lambu. A kai wa babban gida abu guda mai kyau, a bar uwar gidan ta raba yadda ta san mutanenta. Goro da alewar yara sun isa sauran gaisuwa. Duk wanda ya daka ta maƙwabci wajen tsaraba, shi kaɗai zai zauna da mai bashi.

Sai dai a yi hattara da abinci mai yawa. Cikin watan Oktoba na 2024 hukumomin Nijar sunka hana fitar da shinkafa da hatsi da dawa da masara zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Wanda ke son kai wa dangi abin gona ya fara tambayar ƴan duwan abin da doka ta yarda da shi a ranar tafiyarsa, kada tsaraba ta zama tara.

Sefa da naira

Dattawa suna tuna zamanin da naira ke gaban dalar Amurka a farashin hukuma, kafin gyaran tattalin arzikin Najeriya na 1986. Sun kuma tuna watan Janairu na 1994, da anka karya darajar sefa da rabi cikin dare guda. Tun 1999 sefa tana ɗaure da kuɗin Turai, yuro guda a kan sefa 655,957, naira kuwa an sake ta cikin watan Yuni na 2023 ta nemi farashinta a kasuwa, ta faɗi ƙwarai. Cikin 2024 jika guda ta sefa ta haura naira 2.000 wajen ƴan canji.

Wannan ya sa wasu ke ganin mai sefa sarki ne in ya ƙetare. A yi hankali da wannan lissafi. Tun da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1.000 kafin ƙarshen 2024, kuma hauhawar farashi a wannan shekara ta wuce kashi 30 cikin ɗari. Damin takardun da ɗan canji ya miƙo yana da kauri a hannu, amma kuɗin mota da na abinci sun bi shi sun yi kauri. Dangin da za a sauka wajensu kuwa da naira suke samu, tsadar ta fi cin su. Kyakkyawan baƙo shi ne wanda ya sa hannu cikin cefane ba tare da an tambaye shi ba.

Dabarar canji uku ce. A tambayi farashi wajen mutum biyu ko uku kafin a miƙa kuɗi, a ƙirga a gabansa. A canza kaɗan-kaɗan gwargwadon buƙata, don nairar da ta rage in za a mai da ita sefa sai an yi hasara. Kashi biyun nan na ƙulli kuma a bar su sefa. Wanda ya ga abin da ya faru farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace daga kasuwanni, mutane na da kuɗi a banki ba su da na sayen tuwo, ya san amfanin riƙe kuɗin gida a lalita.

Takardu, iyaka da lafiyar hanya

Takarda ta fi komi arha in an neme ta da wuri, ta fi komi tsada in an neme ta bakin shinge. Kowane babba ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa wanda wa'adinsa bai ƙare ba. Kowane yaro ya kasance da takardar haihuwa, wanda ba a yi masa ba kuma a nemi hukuncin alƙali mai maye gurbinta tun watanni kafin tafiya, ai ko don jarrabawar makaranta za a buƙace ta. In uwa ce za ta tafi da yara ita kaɗai, ta riƙe takardar izinin uba da hukuma ta sa wa hannu. A haɗa da katin rigakafin ciwon shawara. Rashin ɗaya daga cikin waɗannan shi ke buɗe ƙofar ciniki a kowane shinge, kuma ɗari biyar nan, jika can, sau goma, sun cinye kuɗin tsaraba.

Game da izinin shiga, yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ita ce ta ba ƴan ƙasashen yankin damar ƙetarawa ba biza har kwana 90. Nijar da Mali da Burkina Faso, waɗanda sunka kafa ƙawancen AES cikin Satumba 2023, sun kammala fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025. A wannan rana ƙungiyar ta ba da sanarwa cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin ƴan ƙasashen uku, da barinsu su shiga ba biza, har zuwa wani sabon umurni, AES kuma ta fito da nata fasfo. Irin wannan tsari yana iya canzawa, saboda haka a tambayi ƴan sandan iyaka ko ofishin magajin gari kafin a ɗaure kaya.

Iyaka ƙofa ce, kuma an sha rufe ta. Najeriya ta rufe ta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023 an kuma rufe ta, sai cikin Maris 2024 ɓangarorin biyu sunka buɗe. Gadar Gaya da Malanbil kuwa ta ci gaba da zama a rufe bayan wannan lokaci, abin da ya tilasta wa masu zuwa Kwatano shiga kwalekwale, hanyar da ba ta dace da mai yara ba. Duk wanda rufewa ta taɓa tarar da shi waje ya san abin da kashi biyun nan na ƙulli ke nufi.

Sai zancen da ya fi kuɗi, watau rai. Cikin Nuwamba 2024 rundunar sojan Najeriya ta yi shelar ɓullar ƴan bindigar da ake kira Lakurawa cikin jihohin Sakkwato da Kabi, kuma cikin wannan wata anka kai hari garin Mera na ƙaramar hukumar Augie. Gefenmu ma akwai wuraren da hukuma ke taƙaita zirga-zirga. Mai iyali ya bi babbar hanya da mashigar hukuma ko da ta fi tsawo, ya tashi da safe ya sauka kafin la'asar, ya kira dangi ta salula ya ji labarin hanya a daren tafiya. In sun ce a dakata, a dakata. Kuɗin da anka tara ba su ruɓewa.

A ƙarshe a riƙe gidan sauro da katin likita na kowane yaro. Tun 2006 dokar Nijar ta yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar, amma wannan gata ba ya ƙetare iyaka tare da su.

Abin da yara za su gani

Tafiya mabuɗin ilimi ce in an buɗe wa yaro ido, kuma abubuwan gani na wancan gefe ba su da tsada. A Argungu akwai gidan tarihi na Kanta, cikin tsohuwar fadar da anka gina a 1831 anka mai da ita gidan tarihi a 1958, inda yaro zai ga makaman Kabawa da tamburansu. Akwai gulbin Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934, bikin da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. A Sakkwato akwai Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda anka haifa a Maratta, cikin ƙasar Nijar ta yau, a 1754, ya rasu a 1817. Yaron da ya karanta waɗannan sunaye a aji, ya zo ya tsaya gabansu, ya sami abin da allo ba ya bayarwa, don gani ya kori ji. A ba shi ɗan littafi ya rubuta garuruwan da anka wuce da farashin abin da anka saya, ya yi lissafin canji da kansa. Mafi girma duka, ya kwana ɗaki guda da ƴaƴan gwaggonsa, ya san cewa yana da gida a can.

In shekara ta ƙi

Akwai shekarar da damina ba ta yi kyau ba, ko hanya ba ta da lafiya, ko asusu bai cika ba. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. A aika wa tsofaffi ɗan abin da ya samu, a gayyaci ɗaya daga cikin ƴaƴan dangi ya zo nan ya yi hutu, tun da ziyara ba ta da gefe guda. A kai yara Matankari su ga tsohuwar cibiyar sarautar Arewa, in hali ya yi a ba su labarin Lugu, inda Sarauniya Mangu ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, ko a hau da su dutsen da garin Dogon Dutsi ya samo sunansa. Kuɗin bana su kwana su tarar da na baɗi.

Kakanninmu sun ce zumunta a ƙafa take. Layin da anka zana fiye da shekara ɗari bai raba Arawa ba, domin kowane zamani an sami masu takawa su je su gaisa. Nauyin da ke kan magidancin yau shi ne ya riƙe wannan igiya ba tare da ya shaƙe gidansa da ita ba: ya zaɓi lokacin kaka, ya tara da kaɗan-kaɗan, ya rage tsaraba, ya gyara takardu, ya ƙulle na dawowa. Gwaggonmu ta ga jikokinta sau bakwai kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma babbansu ne ya riƙa kai ta likita cikin jinyarta ta ƙarshe, don ya san hanya. Allah ya kai matafiya lafiya, ya maido su lafiya, ya bar zumunci.